Mirza Abu Talib: Ba'indiyen da ya zaga tsofaffin biranen Ingila shekara 200 da suka wuce

A watan Fabrairun 1799, wani mutum ɗan shekara 47 ya shiga jirgin ruwa a birnin Kalkata na ƙasar Indiya zai nufi Turai. Babu haja a kayansa, babu kuma wasiƙar wani sarki da ya aike shi. Aikinsa ya ƙwace, dukiyarsa ta ƙare, barorinsa da abokansa sun watse. Daga baya ya rubuta cewa ya yarda da tafiyar ne saboda tsawonta da haɗarinta, yana fatan ko ajali zai riske shi a hanya ya huta da baƙin cikin duniya.

Ajalin bai zo ba a wannan tafiya. Mutumin, Mirza Abu Talib Khan, ya shafe shekara huɗu da rabi a waje, ya dawo gida da littafin da har yau masana tarihi ke lissafa shi cikin na farko-farko da wani Musulmin Indiya ya rubuta a kan Ingila da mutanenta.

Asalinsa

An haifi Abu Talib a 1752 a birnin Lucknow da ke masarautar Awadh a arewacin Indiya. Mahaifinsa, Haji Muhammad Beg Khan, mutumin Isfahan ne ta ƙasar Farisa, wanda ya gudo Indiya saboda tsoron sarki Nadir Shah. Ya sami muƙami a Awadh, amma rikicin gidan sarauta ya sake korar sa zuwa Bengal, ya bar iyalinsa a baya.

Yaron ya tashi a Lucknow, ya yi karatu mai zurfi cikin harshen Farisanci, wanda a lokacin shi ne harshen fada da na adabi a Indiya. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi wajen mahaifinsa a Murshidabad, inda uban ya rasu ba da jimawa ba.

A 1775, da Asaf-ud-Daula ya hau gadon Awadh, aka kira Abu Talib gida aka ba shi riƙon gundumar Etawah da karɓar harajinta. Bayan rasuwar wazirin da ya tsaya masa, sai aka sauke shi. Ya koma aiki da wani hafsan Turawa, Kanar Alexander Hannay, a yankin Gorakhpur, har ma ya jagoranci yaƙin murƙushe tawayen wani basarake, amma duk da haka sabon wazirin bai yi da shi ba.

A 1787 ya tafi Kalkata ya kai kukansa ga Gwamna-Janar na Kamfanin Gabashin Indiya, Lord Cornwallis. Aka yi masa alƙawari, sai yaƙin Turawa da Tipu Sultan na Mysore ya ɗauke hankalin gwamnan. A zaman jiran ne Abu Talib ya shirya diwanin mawaƙin Farisa Hafiz don bugawa, ya kuma tattara tarihin mawaƙa a wani littafi. Alƙawari ya bi bayan alƙawari, shekaru suka yi ta wucewa, babu aiki.

Yadda tafiyar ta samo asali

Ana cikin haka wani tsohon abokinsa ɗan Sikotilan, Kyaftin David Richardson, wanda ya iya Farisanci, ya zo masa da shawara. Zai koma gida don lafiyarsa, yana so Abu Talib ya raka shi, shi kuma zai koya masa Turanci a cikin jirgi.

Tafiyar ta zo da wahala. Jirgin na 'yan ƙasar Denmak ne, ɗakin da aka ba shi matsattse ne mai duhu, ga guguwar teku. Sun yada zango mai tsawo a Cape Town, suka sauya jirgi, suka ratsa ta tsibirin Saint Helena, sannan suka sauka a Cork ta ƙasar Ailan a watan Disamban 1799.

A Dublin ya tarar da Cornwallis ɗin nan da ya yi ta jira a Kalkata, yanzu shi ne wakilin sarkin Ingila a Ailan, kuma ya karɓe shi hannu bibbiyu. Abu Talib ya yaba wa mutanen Ailan kan karamci da son baƙo, ya kuma rubuta cewa talaucin manomansu ya kai a ce manomin Indiya mai arziki ne idan aka gwada su.

Chester, birni mai ganuwa

A watan Janairun 1800 ya ƙetara teku zuwa Holyhead, ya ratsa yankin Wales a keken doki, ya shiga Chester, babban birnin Ingila na farko da ya taka.

Chester tsohon gari ne a bakin kogin Dee. Sojojin Rumawa ne suka kafa shi a matsayin sansani tun ƙarni na farko na Miladiyya, kuma har yau ganuwarsa mai tsawon kusan kilomita 3 tana nan kewaye da tsakiyar gari, ana hawa a zaga a kanta.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin baƙon shi ne tsarin titunan. A manyan layukan garin akwai dogayen baranda masu rufi da suka bi jikin gine-gine daga wannan kai zuwa wancan, ta yadda mai tafiya a ƙasa zai yi cefanensa ruwan sama bai taɓa shi ba, tsakiyar titi kuma an bar wa dawaki da kekunansu.  Barandar nan, waɗanda asalinsu ya kai shekara 700, su ne har yanzu masu yawon buɗe ido ke zuwa kallo.

Yariman Farisa a Landan

Ya isa Landan ranar 21 ga Janairun 1800, kusan shekara guda da barin Kalkata. Ba a daɗe ba aka gabatar da shi ga Sarki George na Uku da Sarauniya Charlotte. Daga nan sai gayyata ta yi ta zuwa daga gidajen manya.

Jaridu suka laƙaba masa sunan Yariman Farisa. Ya bayyana cewa shi bai taɓa kiran kansa yarima ba, amma sunan ya bi shi. Bai kuma ɓoye cewa shagalin Landan ya tafi da shi ba, domin ya halarci liyafa da gidajen wasan kwaikwayo, ya yi ta tsara waƙoƙin Farisanci yana yabon matan manyan gari. Fitaccen mai zane James Northcote ya zana hotonsa.

Daga Windsor zuwa Oxford

Wani attajiri da ya yi arzikinsa a Indiya, Charles Cockerell, shi ya ɗauke shi yawon ganin ƙasa. Sun fara da Windsor, inda fadar sarakunan Ingila take bisa tudu a gefen kogin Thames. Tun ƙarni na 11 aka aza harsashinta, zamanin William wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066, kuma George na Uku yana son zama a can.

Daga nan suka wuce Oxford, garin da jami'arsa ta girmi kowace jami'a a Ingila. Abu Talib ya auna garin da ma'aunin ƙasarsu. Gine-ginen kwalejojin, waɗanda aka yi da sassaƙaƙƙen dutse, sun yi masa kama da wuraren bautar mabiya addinin Hindu. Ya yaba faɗin tituna da itatuwan da aka dasa a gefensu.

An kai shi ɗakin hangen taurari ya ga na'urorinsa. An kuma nuna masa sashen da ɗaliban likitanci ke feɗe gawa don sanin yadda jikin ɗan Adam yake, abin da ya tsaya ya yi dogon bayani a kansa ga masu karatunsa.

A ɗaya daga cikin ɗakunan karatun garin ya tarar da dubban littattafan Larabci da Farisanci rubutun hannu. Zuwansu can yana da tarihi. Babban ɗakin karatun jami'ar, Bodleian, an buɗe shi ne a 1602. A 1636 aka kafa kujerar farfesan Larabci a Oxford, wanda ya fara hawanta kuma shi ne Edward Pococke, wanda ya zauna shekaru a Halab ta ƙasar Sham yana koyon harshen yana sayen littattafai. Ma'ana, sama da shekara 160 kafin zuwan Abu Talib, Turawa sun riga sun fara tara ilimin Gabas suna nazarinsa, alhali a ƙasarsu ba kasafai ake samun wanda ya san Ingila ba, duk da cewa kamfanin Ingila ne ke juya Bengal.

Kusa da Oxford suka ziyarci gidan Blenheim, wanda aka gina wa John Churchill, basaraken Marlborough, tukwicin nasarar da ya yi kan Faransawa a yaƙin 1704. Abu Talib ya ce lambuna da ginin sun shafe duk abin da ya gani kafin su. A gidan nan ne aka haifi Winston Churchill a 1874.

Sun kuma sauka a Daylesford, gidan Warren Hastings, tsohon Gwamna-Janar wanda majalisar Ingila ta shafe shekara bakwai tana tuhumar sa kan mulkinsa a Indiya kafin a wanke shi a 1795. Mutumin da a da sarakunan Indiya ke shakkar sa, Abu Talib ya same shi yana fama da gona da shanun madara.

Abin da ya yaba da wanda ya kushe

Abu Talib bai tsaya ga kallon tsofaffin gine-gine ba. Ya shiga masana'antu da maƙeru, ya ga injin tururi da injin kaɗin zare, ya kai ziyara ma'ajiyar makamai ta Woolwich. Ya fahimci cewa ƙarfin Ingila yana cikin injunan da ke rage wahalar aiki, da rarraba aiki tsakanin ma'aikata, da kuma rundunar jiragen ruwanta. Ya yaba ɗab'i da jaridu da fitilun tituna.

Majalisar dokoki kuwa ta ba shi dariya. Ya kamanta 'yan majalisar da garke biyu na tsuntsun aku a kan bishiyoyin mangwaro masu fuskantar juna suna ta cacar baki, waɗanda suka fi kowa ƙara kuma su ne William Pitt da Charles Fox. Kotuna ma ba su tsira ba, domin ya soki tsadar shari'a da yadda lauyoyi ke jan ta don cika aljihunsu.

Ya lissafa aibobi 12 da ya gani a halin Ingilishi. Cikinsu akwai raunin riƙo da addini, girman kai, tsananin son kuɗi, saurin fushi, ɓata lokaci wajen barci da ci da ado, kashe abin da ya fi ƙarfin samu, da raina al'adun wasu. Ya kuma zarge su da cika baki kan harsuna, inda mutum zai koyi kalmomi kaɗan na Farisanci ya zauna rubuta littafin nahawu. Ko nahawun Farisanci na shahararren masani William Jones bai kuɓuta daga sukarsa ba.

Da wata Baturiya ta ƙalubalance shi kan kullen mata a Gabas, sai ya rubuta maƙala yana kafa hujja cewa matan Musulmin Indiya suna da wasu haƙƙoƙi da matan Ingila ba su da su, musamman ikon mallakar dukiyarsu bayan aure da iko a kan gida da 'ya'ya. An buga maƙalar da Turanci a 1801, kuma har yau ana muhawara a kanta.

Babban burinsa a Landan shi ne buɗe makarantar koyar da Farisanci ga Turawan da za a tura aiki Indiya. Hukuma ta yi ta jan ƙafa, amsar ba ta zo ba sai da ya riga ya ɗaure kayansa.

Komawa gida

A watan Yunin 1802, bayan sulhun Amiens ya buɗe hanya tsakanin Ingila da Faransa, ya bar Landan. Ya bi ta Faris da Lyon da Marseille, ya shiga Italiya, ya wuce Malta da Izmir zuwa Istanbul, inda ya gana da Sarkin Daular Usmaniyya Salim na Uku. Daga nan ya hau doki ya ratsa Diyarbakir da Mosul zuwa Bagadaza, ya ziyarci Karbala da Najaf, ya shiga jirgi a Basra zuwa Bombay. Ya sauka Kalkata a watan Agustan 1803.

Ya zauna ya tsara abin da ya rubuta a hanya ya zama littafi mai suna Masir-i Talibi. Manufarsa ita ce mutanen ƙasarsu su ga abin da ke da amfani a tsarin Turawa su ɗauka, su kuma gane marar amfani su bari. Amma tun a gabatarwa ya nuna shakkar ko za a saurare shi, ganin masu hali sun shagala da jin daɗi, talakawa kuma neman abinci ya sha musu kai.

Daga ƙarshe ya sami aikin da ya daɗe yana nema, aka ba shi riƙon wata gunduma a Bundelkhand. Bai daɗe a kai ba ya rasu, wajen 1806, kafin a buga littafin.

A 1810 Charles Stewart, malamin harsunan Gabas a kwalejin Kamfanin Gabashin Indiya, ya fitar da fassarar Turanci a Landan, sannan aka juya ta zuwa Faransanci da Jamusanci. Asalin na Farisanci, wanda ya rubuta domin mutanensa, sai a 1812 aka buga shi a Kalkata, ɗansa na cikin waɗanda suka shirya shi. A Indiya kuwa, sunan da ya bi shi har bayan ransa shi ne Abu Talib Landani, wato Abu Talib mutumin Landan.