Florence Nightingale: Matar da amsar da sauƙi ba ta ishe ta ba

Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya a ƙasar Hausa ya san amsar. Ko mutum da ƙyar yake numfashi, ka ce masa ya jiki, zai ce da sauƙi. Haka kakarmu ta yi ta faɗa mana bara a Kurfi, kwana da kwanaki, har yayata da ke makarantar koyon aikin jinya a Katsina ta zo hutu. Ba ta yi mata musu ba. Zama ta yi kusa da ita tana kallon agogon waya tana ƙirga numfashinta, ta ja fatar idonta ta ƙasa ta leƙa, ta danna ƙafarta da yatsa, wurin ya lotsa bai taso da wuri ba. Kafin la'asar muna asibiti a Dutsin-Ma. Da na tambaye ta ina ta samo wannan ido, ta ce koya musu ake yi, har jarrabawa ake musu a kai, in kuma ina son mafarin abin in nemi tarihin Florence Nightingale. Na nema, shi ne na kawo muku yau.

An haife ta ranar 12 ga Mayu, 1820, a birnin Florence na Italiya, iyayenta Turawan Ingila suna can yawon buɗe ido, sai suka sa mata sunan garin. 'Yar gata ce ta gaske. Mahaifinta da kansa ya koyar da ita harsuna da tarihi, ta kuma nace wa lissafi. A Ingilar wancan zamanin jinya aikin matan da ba su da galihu ne, babu horo, babu mutunci. Da ta ce shi take so, gida ya ɗauki zafi. Ta ƙi aure, ta yi shekaru ana kai ruwa rana, sai a 1851 ta samu ta yi 'yan watanni tana koyon aikin a Kaiserswerth ta ƙasar Jamus. A 1853 aka ba ta riƙon wani ƙaramin asibitin mata a Landan.

Sai yaƙin Kirimiya ya zo, Ingila da Faransa da Daular Usmaniyya suna gwabzawa da Rasha. A Nuwamban 1854 ta sauka asibitin sojoji na Scutari, a gefen Istanbul, da mata 38. Nan aka samo hoton nan da ake sawa a sitatus duk 12 ga Mayu, ranar ma'aikatan jinya ta duniya: mace riƙe da fitila tana zaga majinyata da tsakar dare.

To amma ga abin da sitatus ba ya faɗa. A hunturunta na farko a can, sojoji fiye da 4,000 suka mutu a asibitin, kuma akasarinsu ba harsashi ne ya kashe su ba, kwalara ce da atini da zazzaɓin taifod. Ginin a kan toshasshen magudanar ƙazanta yake. Sai da gwamnati ta turo kwamitin tsafta a Maris na 1855, aka yashe magudanan aka buɗe hanyar iska, sannan mutuwar ta ragu sosai. Da ta koma gida ta zauna da alƙaluma tare da masanin ƙididdiga William Farr, ta zana su yadda ko ɗan majalisa mai ƙyuyar karatu zai gane. A 1858 ta zama mace ta farko a ƙungiyar masana ƙididdiga ta Ingila. Ni a ganina nan ne ta zama Nightingale ɗin gaske, domin ta gani da idonta cewa tausayi da fitila ba su hana gawa fita ba.

A littafinta Notes on Nursing na 1859 ta ware babi guda kan lura da mara lafiya, ta kuma ɗauke shi a matsayin darasi mafi muhimmanci da za a koya wa nas: me za ta duba, yaya za ta duba, wace alama ce ta samun sauƙi, wacce ce ta taɓarɓarewa. Abin da ya fi burge ni, a matsayina na mai koyon aikin jarida, shi ne yadda ta yi kaca-kaca da tambayar da ke sa wa mutum amsa a baki. Kada a tambaya ko ya yi barci mai daɗi, a tambaya awa nawa ya yi, kuma da wane lokaci na dare. Wallahi irin abin da malamanmu ke nanata mana kenan kan yin hira. Ta ma nuna cewa wadda ta kasa koyon lura gara ta haƙura da aikin, komai kirkinta.

A 1860, da kuɗin da jama'a suka tara don karrama ta, fiye da fam 40,000, aka buɗe makarantar koyon jinya a asibitin St Thomas da ke Landan, da ɗalibai 15. Horon shekara guda ne, a bakin gadon majinyaci. Ɗalibai na rubuta abin da suka gani, ana auna su wata-wata, ana duba har kaifin lurarsu. Ita kuwa ciwon da ta kwaso a Kirimiya ya kwantar da ita shekaru da yawa, daga ɗakinta take karanta rahotannin tana aika gyara.

Ba waliyyiya ba ce fa. Tana da taurin kai, ta daɗe kafin ta gamsu da bayanin ƙwayoyin cuta, ta kuma yaƙi tsarin yi wa nas-nas rajista, wai jarrabawa ba ta auna hali. Nan kam ban bi ta ba; lasisin da yayata ke wa karatun dare shi ne kariyarmu daga kowane mai farar riga da allura a lungu. Sannan dubawa da lalube da ƙwanƙwasa ƙirji da sauraren huhu, waɗanda ɗaliban jinya ke gwadawa a jikin juna yau, a zamaninta yawanci aikin likita ne. Sai bayan shekarun 1960 suka shiga manhajar nas sosai. Ita harsashin ta aza.

Zaren ya iso har Najeriya. Kofoworola Abeni Pratt, 'yar Legas, ta shiga wannan makarantar ta St Thomas a 1946, ta dawo gida a 1954, ta yi aiki a asibitin koyarwa na Ibadan, daga baya ta zama shugabar ma'aikatan jinya ta ƙasa.

Nightingale ta rasu ranar 13 ga Agusta, 1910, tana da shekara 90. An yi tayin binne ta a Westminster Abbey, makwancin sarakuna da manyan ƙasa, danginta suka ƙi, bisa wasiyyarta. Aka kai ta maƙabartar danginsu a ƙauyen East Wellow, aka rubuta haruffa biyu na sunanta da shekarun haihuwa da rasuwa. Kaka kuwa tana nan a Kurfi tana shan maganinta, kuma har gobe ka tambaye ta jiki, da sauƙi za ta ce.