Abdulkarim Barth, matafiyi mai zane

Yara, kun san yadda Agadas da Kano suke a zamanin kakannin kakanninmu? A lokacin babu mai yawo da na'urar ɗaukar hoto a ƙasarmu. Amma akwai wani baƙo da ya zo da ɗan littafi cikin aljihu. Abin da idonsa ya gani, hannunsa ya zana. Sunansa Heinrich Barth. Mutanen ƙasarmu kuwa sun san shi da Abdulkarim.

An haifi Barth a Hambur, cikin ƙasar Jamus, a shekarar 1821. Tun yana yaro yake son karatu da koyon harsuna. Da ya girma ya koyi Larabci, ya zaga ƙasashen bakin tekun Bahar Rum. A kan iyakar Libiya da Masar ƴan fashi suka tare shi, suka ji masa rauni, suka kwashe masa kaya har da wasu takardunsa. Wannan bai sa ya karaya ba.

A ƙarshen shekarar 1849 gwamnatin Ingila ta aiko shi Afirka tare da Richardson da Overweg. Suka tashi daga Tarabulus, suka shiga hamada a kan raƙuma. A wani kwari Barth ya tarar da siffofin shanu da mutane waɗanda mutanen dā suka sassaƙa jikin duwatsu. Ya zauna ya kwaikwaye su a takarda. Kusa da Ghat kuma ya hau wani dutse shi kaɗai, ya ɓata. Ƙishirwa ta kusa kashe shi, sai wani Buzu ya tsince shi.

A watan Oktoba na 1850 ya shiga Agadas, ya zana garin da doguwar hasumiyar masallaci. A farkon 1851 ya bi ta Tasawa da Katsina, ya isa Kano. Can ya hau dutsen Dala, ya dubi birni daga sama, ya zana shi. Ya zana fasalin ganuwa da ƙofofinta, har da tsarin gidan da aka sauke shi. A hanya ya koyi Hausa, yana tambayar mutane sunan kowane abu, yana rubutawa.

Abokan tafiyarsa biyu suka mutu, Richardson a 1851, Overweg a 1852. Ya rage shi kaɗai, bai koma gida ba. Ya sauka Damagaram, ya nufi yamma. A 1853 ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya zauna Wurno, ya ziyarci Sakkwato, nan kudu da Ƙwanni. Ya ƙetare kogin Kwara a Sayi, ya kai Tambutu. Sai a 1855 ya koma Turai. Ya tafi da wani yaro Bahaushe na ƙasar Damagaram mai suna Dorugu.

Ya buga labarin tafiyarsa cikin littattafai 5, a 1857 da 1858. Wani gwanin zane mai suna Bernatz ya ɗauki zane-zanen Barth, ya gyara su, ya sa musu launi don bugawa. Da Barth bai zana ba, da Bernatz ba ya da abin gyarawa, domin bai bi shi wannan tafiya ba. Barth ya rasu a Balin a shekarar 1865, yana da shekara 44.

Barth ba shahararren mai zane ba ne. Gwanintarsa ita ce lura. Yakan tsaya ya duba da kyau, ya zana abu kamar yadda yake. Shi ya sa har yau masana tarihi suke amfani da aikinsa. Gidajen ƙasa suna rushewa, itatuwa suna faɗuwa, tsofaffi suna mutuwa. Abin da aka zana kuwa yana nan.

Ku ma kuna iya yin haka. Ku sami fensir mai tsini da takarda. Ku zaɓi abu guda, kamar rumbun gidanku, ko tulu, ko itacen gawo. Kada ku yi gaggawa. Ku dube shi tukuna: tsawonsa ya fi faɗinsa? Ku miƙe hannu, ku rufe ido ɗaya, ku gwada da fensir. Sannan ku ja babbar siffa a hankali, kada ku danna. Rumbu kamar ƙwai yake, tulu kamar ƙwallo. In siffa ta zauna, ku ƙara ƙananan abubuwa. Daga ƙarshe ku duba inda rana take, ku duhunta ɗaya gefen. Ku rubuta sunan wurin da kwanan wata a ƙasa.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa aka haifi Barth? Wane suna aka san shi da shi a ƙasarmu?
2. Ku faɗi garuruwa uku na Nijar da ya bi.
3. Don me ya hau dutsen Dala?
4. Mene ne amfanin rubuta kwanan wata ƙarƙashin zane?

Aiki

Ranar kasuwa, a Ƙwanni ko Malbaza ko Illela, ku zana abu ɗaya da kuka gani. Ku kawo wa malam, a nuna wa ƴan aji.