Imam Abu Yusuf, Alƙalin da ya Tsara wa Haruna Rashid Sha'anin Haraji

Sunansa Ya'aƙubu ɗan Ibrahim al-Ansari, amma da alkunyarsa, Abu Yusuf, aka san shi. An haife shi a Kufa ta ƙasar Iraƙi a shekara ta 113 bayan Hijira, daidai da 731 Miladiyya, kuma nasabarsa tana tuƙewa ga Sa'adu ɗan Habta, ɗaya daga Sahabbai, Allah Ya yarda da su. Gidansu gidan talauci ne. Masu tarihi sun ruwaito cewa an so a cire shi daga karatu a sa shi neman abinci, sai Imam Abu Hanifa ya lura da kaifin hankalinsa, ya ɗauki nauyinsa, yana ba shi kuɗi a kai a kai don kada ya rabu da zaure. Ya fara karatu wajen alƙali Ibn Abi Laila, sa'an nan ya lizimci Abu Hanifa kimanin shekara 17, har malamin ya rasu a shekara ta 150.

Abu Hanifa ya ƙi alƙalanci har ya sha wuya a kan haka, amma almajirinsa ya karɓa. Halifa Mahadi ya naɗa shi alƙali a Bagadaza, ya zarce a zamanin Hadi, kana Haruna Rashid, wanda ya hau mulki a shekara ta 170, ya ɗaukaka shi. Shi ne na farko da aka kira Alƙalin Alƙalai. Akwai waɗanda suka zarge shi da kusantar fada, kuma lalle fada wuri ne mai santsi ga malami. To, amma wanda ya duba abin da ya yi da kusancin zai sassauta masa.

Haruna ya aiko masa da tambayoyi game da kuɗin shiga na daula: haraji, da ushiri, da zakka, da jiziya, yadda za a karɓe su ba tare da zalunci ba. Amsar ita ce littafin nan Kitabul Kharaj. (Daga wannan kalma ta Larabci ce Hausa ta sami "haraji", ko da yake a asali harajin ƙasar noma take nufi.)

Abin da ya bambanta littafin shi ne yadda ya fara da lissafi kafin hukunci. Ya kawo labarin yadda Sayyidina Umar ya ƙi raba ƙasar Iraƙi ga mayaƙa, ya bar ta hannun manomanta, ya aiki Usmanu ɗan Hunaifu da Huzaifa ɗan Yamani suka auna ta. Awon ya kai jaribi miliyan 36, jaribi kuwa ya yi kusan kashi biyu cikin biyar na eka. Aka aza wa kowane jaribi na hatsi dirhami ɗaya da ma'auni ɗaya na abinci, ko gona ta yi kyau ko ba ta yi ba. Abu Yusuf bai tsaya ga wannan ba. Ya tara masana sha'anin haraji na zamaninsa ya yi muhawara da su, suka nuna masa cewa a lokacin Umar yawancin ƙasar nomammiya ce, amma daga baya gonaki da yawa sun zama kufai, magudanan ruwa sun toshe, ga shi kuwa ana bin manomi harajin da aka yanka tun fiye da shekara 150. Ya kuma lura da wata illa: idan haraji tsayayyen mudu ne, farashi ya faɗi, baitulmali ba zai iya biyan soja ba, idan tsayayyen kuɗi ne, nauyin ya koma kan manomi.

Saboda haka ya goyi bayan tsarin muƙasama, watau a karɓi kaso daga abin da gona ta bayar, tsarin da aka soma a zamanin Mahadi bisa shawarar wazirinsa Abu Ubaidullahi. Ya yanka kashi biyu cikin biyar ga gonar da ruwa ke kwarara mata da kansa, kashi uku cikin goma ga wadda sai an ɗebo mata ruwa da wahala, sulusi ga dabino da inabi da lambuna, rubu'i ga amfanin bazara. Hujjarsa ita ce, Umar kansa bai aza wa ƙasa sai abin da za ta iya ɗauka ba, don haka wanda ya sake adadin ya riƙe manufar, shi ne ya bi Umar. Wannan fiƙihu ne mai zurfi, ba kowane malami ke da ƙarfin halin faɗa wa sarki irinsa ba.

Inda ya fi zafafawa shi ne kan sayar da haraji ga ɗan kwangila, wanda zai biya hukuma dunƙule, sa'an nan ya shiga ƙauyuka ya tatsi abin da ya ga dama. Ya bayyana wa Halifa abin da ake yi wa talakawa: duka, da tsayar da su cikin rana, da rataya musu duwatsu a wuya. Ya nuna masa cewa ribar ta yau ita ce asarar gobe, domin manomi zai gudu, ƙasa ta mutu, haraji ya ragu. Ya nemi a naɗa amintattu a biya su albashi daga baitulmali, a sa masu kai labari su riƙa sanar da halinsu, Halifa kuma ya zauna da kansa sau ɗaya a wata ɗaya ko biyu ya saurari ƙarar talakawa. Haƙa tsofaffin magudanai da gyaran ɓarakar kogin Dijla da Furatu ya aza su a kan baitulmali. Har 'yan kurkuku bai manta ba: ya ce a rubuta sunayensu a rajista, a ba kowanne dirhami 10 a wata a hannunsa, domin in gurasa ce masu gadi za su cinye.

Game da farashi, ya lura cewa abinci kan yi yawa ya yi tsada, ya kan yi ƙaranci ya yi araha, bai kuwa ga dacewar hukuma ta ƙayyade shi ba.

Akwai wani labari da mabiya mazhabar Maliki za su so. Mutanen Kufa da na Madina sun saɓa kan girman sa'i, ma'aunin da ake fid da zakkar fidda-kai da shi. Da Abu Yusuf ya je Madina ya sadu da Imam Malik, aka kawo masa sa'o'in da 'ya'yan Muhajiruna da Ansaru suka gada daga kakanninsu. Ya auna, ya tarar da ratali biyar da sulusi ne, ya bar ra'ayin malaminsa ya koma na Madina.

Muhammadu Shaibani ya yi karatu a wurinsa, Ahmadu ɗan Hambali da Yahaya ɗan Ma'in sun karɓi hadisi daga gare shi. Ya rasu a Bagadaza a shekara ta 182, daidai da 798, Haruna Rashid da kansa ya yi masa salla, aka binne shi a maƙabartar Ƙuraishawa, unguwar da aka sani da Kazimiyya. An buga littafinsa a Bulaƙ ta Masar a shekara ta 1302 bayan Hijira, aka fassara shi zuwa Faransanci a 1921. Allah Ya jiƙansa da rahama.