Ladi Kwali: Maginiyar Tukwanen Da Ta Ɗaukaka Sana'ar Iyayenmu Mata

'Yan'uwa, duk wanda ya juya bayan takardar naira 20 zai ga wata mace a sunkuye tana ginin tukunya. Ita ce Ladi Kwali, 'yar ƙabilar Gbagyi, wadda aka haifa wajen shekarar 1925 a garin Kwali, cikin yankin Abuja na yanzu.

Ladi ba ta yi karatun boko ba. A hannun gwaggonta ta koyi sana'a tun tana ƙarama, kamar yadda 'yan matan ƙauyensu ke yi. Takan murza yumɓu ta ɗora shi zobe-zobe, tana zagaya tukunyar tana shafe ta, har randa ta tsaya daidai. Sai ta zana mata ƙadangare, kunama, kifi, kada ko hawainiya, sannan a gasa ta a fili. Aikinta ya yi kyau har Sarkin Abuja, Alhaji Suleiman Barau, ya riƙa tara tukwanenta a fadarsa.

A fadar ne wani Bature ɗan Ingila, Michael Cardew, ya ga aikin hannunta. Shi ne ya buɗe makarantar koyon ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau. A 1954 Ladi ta shiga, ita ce mace ta farko a wurin. Ta koyi juya yumɓu a kan inji da gashi cikin tanderu mai tsananin zafi, amma ba ta yar da hanyar gwaggonta ba. Manyan randunan da suka fito da sunanta, da hannu ta gina su, da zanen gida.

An baje kolin aikinta a Landan a 1958, ta kuma zagaya Amurka a 1972 tana nuna gwaninta. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta, a 1980 kuma ta sami lambar yabo ta ƙasa. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984.

Mu a Kibiya da Rano mun tashi muna shan ruwan randa mai sanyi. Yau roba da dalma sun cika kasuwa, 'ya'yanmu kuma suna jin kunyar taɓa laka. In tsofaffin maginanmu suka tafi ba su bar magada ba, wa zai koya wa na baya?

Mu tuna, gidan maginin tukwane Ubangiji ya aiki annabi Irmiya domin ya ji maganarsa (Irmiya 18). Allah bai rena wannan aiki ba. Muna roƙon Zumuntar Mata a kowace ikkilisiya ta nemi tsohuwa ɗaya mai sana'ar, ta haɗa ta da 'yan mata a lokacin hutu. Allah ya albarkaci aikin hannuwanmu, amin.