Sarkin Kano Ibrahim Dabo, Mai Haɗa Kan Jama'a

Shi ne Ibrahim Dabo ɗan Mahmudu, Basulluɓe, malami ne tun kafin sarauta. Ɗan'uwansa Malam Jamo shi ne shugaban Sulluɓawa lokacin jihadi, da ya rasu Dabo ya gaje shi. Bayan rasuwar Sarkin Kano Sulaimanu a 1819, sai Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya naɗa Dabo.

Ko da ya shiga Gidan Rumfa, sai ƙasa ta yamutse. Garuruwa suka yi tawaye, tun daga Ungogo har Dambatta, da Ƙaraye, da Birnin Kudu. Arewacin Kano kuwa ƙasa ce mai cikar jama'a, gona na jingine da gona, ana noma ta kowace shekara saboda takin da jakuna ke kaiwa daga birni. In hanya ta yanke, taki ya tsaya, hatsi kuma ba ya isa kasuwa. Saboda haka wutar fitina talaka ta fara ci.

Dabo ya shiga halwa kwana 40 yana roƙon Allah, sa'an nan ya fita ya yi sansani a Dala. Ya ci garuruwan 'yan tawaye ɗaya bayan ɗaya, har aka sa masa suna Ci-gari. Wanda ya fi ba shi wuya shi ne Ɗantunku, can wajen arewa. Domin tsare wannan sashe ya zauna a ribaɗin Fanisau, inda Bature Clapperton ya same shi a 1824. Daga baya Sarkin Musulmi Bello ya sasanta su, aka yanke wa Ɗantunku ƙasa tasa, ita ce Kazaure, wadda yanzu ke Jihar Jigawa. Dabo ya karɓi hukuncin, ko da yake ƙasarsa ce ta ragu.

Ya san takobi yana cin gari, amma ba ya riƙe shi. Sai ya nemi iznin Sakkwato ya raya sarautun Hausa na dā, waɗanda talakawa suka saba da su. Manyan gidajen jihadi kowanne ya tabbata da rabonsa: Yolawa da Madaki, Joɓawa da Makama, Dambazawa da Sarkin Bai. Ya kuma ƙulla zumunta da manya ta hanyar aure. Da haka waɗanda suke ganin kansu tsaransa suka zama abokan shawara. Manomi ya koma gonarsa, fatake suka kama hanya, Kasuwar Kurmi ta cika.

Ya rasu a 1846, bayan shekara 27 bisa gado. 'Ya'yansa uku suka yi sarauta, Usman da Abdullahi da Muhammadu Bello. Amma da jikokinsa suka rabu biyu a 1893, aka yi Basasa, Kano ta ga abin da rarrabuwar gida ke jawowa.

To, ya ku hakimai da dagatai da masu unguwanni, ku duba wannan. Nijeriya da aka haɗa a 1914 jama'u ce iri iri, ba ta kuwa zama ɗaya sai kowace ƙasa cikinta ta zauna lafiya. Zaman lafiyar ƙasa kuwa daga ƙauye yake farawa: iyakar gona da aka raba bisa gaskiya, da burtali da aka bar wa makiyayi, da baƙo da aka saurari ƙararsa kamar ta ɗan gari. Wanda ya tsare waɗannan ya bi sawun Dabo.

Allah ya jiƙansa, ya kyautata makwancinsa, amin.