Yinka Dare: ɗan Kanon da aka ɗauka don tsawonsa kafin ya ƙware

Ba kowa ne a Arewa ya san cewa cikin 'yan Najeriya na farko-farko da suka buga gasar NBA, wadda ita ce ƙololuwar wasan ƙwallon kwando a duniya, akwai haifaffen Kano ba. Shi ne marigayi Yinka Dare, wanda aka haifa ranar 10 ga Oktoba, 1972. Tarihinsa gajere ne, amma akwai abin lura a cikinsa ga iyaye da malamai.

A shekarar 1991 wani lauya ɗan Najeriya mazaunin Amurka, Lloyd Ukwu, ya ci karo da shi a Legas. Tsawonsa na ƙafa bakwai ne ya ɗauki hankalin lauyan, domin a lokacin bai yi nisa a wasan ba. Aka kai shi wata makaranta a Jihar Connecticut, daga nan ya shiga Jami'ar George Washington a 1992, a hannun mai horarwa Mike Jarvis. A shekararsa ta farko ya taimaka wa jami'ar ta shiga sahun ƙungiyoyi 16 da suka rage a gasar jami'o'in Amurka ta 1993.

Daga nan gaggawa ta shigo. Bayan shekara biyu kacal ya ajiye karatu ya shiga zaɓen sabbin 'yan wasa na 1994. Shekarar ce Hakeem Olajuwon ya ci kofi da ƙungiyar Houston Rockets, sunan Najeriya yana tashe a wasan. Ƙungiyar New Jersey Nets ta ɗauki Dare a matsayi na 14, ta ba shi kwantiragin kimanin dala miliyan 9.

To, amma sauri kan haifi nawa. A kakarsa ta farko minti uku kawai ya buga, ciwon gwiwa ya zaunar da shi. A ta biyu ya buga wasa 58 ba tare da ya miƙa wa abokin wasa ƙwallon da aka jefa a kwando ko sau ɗaya ba, abin da ya mai da shi abin ba'a a jaridu. Jimilla ya buga wasa 110 a shekara huɗu: sau huɗu ya miƙa irin wannan ƙwallo, sau 96 kuma ƙwallo ya suɓuce masa. A 1998 aka miƙa shi ga Orlando Magic, ita kuwa ta sallame shi nan take. Sauran shekarunsa ya yi su ne yana yawo a ƙananan gasanni har zuwa 2003.

Akwai kuma damuwar da 'yan kallo ba su gani. Tun yana jami'a aka gano bugun zuciyarsa ba ya tafiya daidai. Ranar 9 ga Janairu, 2004, ya yanke jiki ya faɗi a gidansa da ke Englewood, Jihar New Jersey, rai ya yi halinsa yana da shekara 31.

A ganina, masu yi masa dariya sun ɗora laifi inda bai dace ba. Miƙa ƙwallo da fahimtar fili abubuwa ne da ake koyo tun ƙuruciya, shi kuwa ya shiga wasan gadan-gadan yana dab da shekara ashirin, aka kuma biya shi kafin ya gama koyo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Irin waɗannan dogayen samari ba su ƙare ba a makarantunmu, daga Kano har Birnin Kudu da Gwaram. Kafin wani ya zo da alkawarin kai su waje, haƙƙinsu ne a kanmu mu samar masu da fili da mai horarwa tun suna ƙanana, likita ya duba zuciyarsu, kuma kada a bari su saki karatu don kuɗin da ba a san ranar ƙarewarsa ba.