Shajaratud Durr: Baiwar Da Ta Mulki Masar Kwana 80

A wannan fitowa za mu leƙa ƙasar Masar ne, mu ji labarin wata mata da ta fara rayuwa a matsayin baiwa, ta kuma ƙare ana ambaton sunanta a huɗubar Juma'a. Sunanta Shajaratud Durr, wato itaciyar lu'ulu'u.

Ta shiga gidan Salih Najmuddin Ayyub, daga zuriyar gidan su Salahuddin Ayyubi, tun bai zama sarki ba. Lokacin da ɗan uwansa ya tsare shi a ganuwar Karak, tana tare da shi. Ta haifa masa ɗa, Khalil, wanda ya rasu yana ƙarami, shi ya sa ake ce mata Ummu Khalil. Salih ya 'yanta ta ya aure ta, kuma a 1240 ya hau gadon sarautar Masar.

Sai mun fahimci irin mulkin mijinta kafin mu gane abin da ya biyo baya. Salih bai yarda da danginsa ba, don ya sha wuya a hannunsu. Saboda haka ya riƙa sayen samari Turkawa, a musuluntar da su, a koya musu hawan doki da harbi da kibiya, sannan a 'yanta su su zama sojansa. Su ne Mamaluka. Ya zaunar da su a tsibirin Rauda cikin kogin Nilu, abin da ya sa ake kiran su Bahriyya. Manyansu kuwa ba albashi ake ƙirga musu ba. Ana yanka wa sarkin yaƙi wasu ƙauyuka ne, abin da ake kira iƙɗa'i, ya karɓi harajin gonakinsu, ya ci, ya kuma ciyar da mahayan da aka ɗora masa. Ƙasar ba tasa ba ce, ɗansa ba ya gadonta, ran da sarki ya ga dama sai ya karɓe ya ba wani. Kin ga ke nan tuwon kowane soja yana hannun wanda ke sa hannu a takardar fada.

A watan Yuni 1249 Sarkin Faransa, Luwis na 9, ya kama garin Dimyat. Salih, da ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa, ya kafa sansani a Mansura, a nan ya rasu cikin Nuwamba. Ga abokan gaba a bakin ƙofa, ga magajinsa Turanshah can nesa a Hisnu Kaifa. Shajaratud Durr ta danne baƙin cikinta, ta gaya wa shugaban runduna Fakhruddin da wani amintaccen bafade kawai. Aka kai gawar Rauda a ɓoye. Kullum ana kai abinci ɗakin sarki, ana cewa yana jin jiki ne, takardu kuma na fita da sa hannunsa. Duk wadda ta taɓa zaman takaba ta san nauyin kwanakin nan. Ita a cikinsu take tafiyar da ƙasa.

A Fabrairu 1250 Faransawa suka auka wa sansanin, suka kashe Fakhruddin, suka kutsa cikin Mansura. A lungunan garin Bahriyya suka rutsa da su, har ƙanen Luwis ya halaka. Zuwa Afrilu an kama Luwis kansa.

Turanshah da ya iso bai san ya kamata ba. Ya shiga ture bayin ubansa yana ba nasa yaran muƙamai, ya kuma matsa wa matar uban nasa kan ta fito da dukiyar marigayin. Wanda ya taɓa abincin soja ya taɓo wa kansa. Farkon watan Mayu suka kashe shi a Fariskur, suka naɗa Shajaratud Durr. Aka buga kuɗi da laƙabinta, aka yi mata addu'a a kan mumbari. A zamaninta aka karɓo Dimyat, aka saki Luwis bayan an biya rabin kuɗin fansarsa.

Sarautar ba ta yi nisa ba. Khalifa Musta'asim na Bagadaza ya ƙi yarda mace ta mulki Masar, Dimashƙa kuma ta miƙa wuya ga Nasir Yusuf na Halab. Bayan kamar kwana 80 ta auri sarkin yaƙi Izzuddin Aibak, ta sauka ta bar masa kujerar, ko da yake bakinta bai fita daga al'amuran fada ba. Kuɗin yaƙi da Ayyubawan Sham kuwa talaka ne ya biya: wazirin Aibak, Fa'izi, ya ƙirƙiro sababbin haraji a kan 'yan kasuwa da masu dukiya. A 1253 Larabawan karkara suka yi bore, suna ƙin mulkin waɗanda jiya-jiya aka sayo, Mamaluka suka murƙushe su da takobi.

To, nan ne labarin ke min ɗaci duk lokacin da nake ba ɗalibaina. Ta raba Aibak da uwargidansa, Ummu Ali. Sai ga shi a 1257 yana neman auren 'yar Badruddin Lu'ulu'u, mai mulkin Mausil. Ba kishi kaɗai ba ne, domin 'yar sarki in ta shigo, ikon da ta saba da shi ya tafi. Ta sa bayinta suka kashe shi a makewayin wanka. Ban ga uzurin da za a ba ta ba, kisan kai kisan kai ne. Yaran Aibak suka kama ta, suka naɗa ɗansa Ali, ɗan matar nan da ta sa aka yi watsi da ita. Masu tarihi sun ce kuyangin Ummu Ali ne suka doke ta da takalman katako har ta cika, aka jefa gawarta a ramin ganuwa.

Mulkin sojan da ya fara da ita ya ci gaba har 1517, kuma su ne suka karya Mangolawa a Ainu Jalut a 1260. An binne ta a hubbaren da ta gina wa kanta a Alƙahira, kusa da na Sayyida Nafisa. A cikin mihrabinsa akwai zanen wata itaciya mai 'ya'yan lu'ulu'u. Allah Ya gafarta mana da ita.